Muryar Baba Iliyasu a Cikin Kati

Ranar Litinin da hantsi Kulu ta zo rumfar Sama'ilu da abu ƙulle a gefen mayafinta. Ba ta zauna ba. Ta kwance ƙullin, ta ajiye masa wata 'yar kwamfutar aljihu a kan benci, baƙa, gefenta duk ya goge, girmanta bai wuce tafin hannu ba.

Sama'ilu ya san ta. Ta marigayi Zaharaddini ce, mijin Kulu, wanda ya yi aikin awon gonaki da wani shirin noma shekarun baya. Da shirin ya watse, masu manhajar suka daina kula da ita, na'urorin suka zama kamar duwatsu: a kunna, su nuna tambari, su tsaya cak. Tsakanin Makoda da Ɗambatta Sama'ilu ne kaɗai ya gano yadda ake tayar da su. Yakan cire tsohon tsarin ya zuba musu Linuks, wani tsarin sarrafa kwamfuta da ba mallakar kowa ba. Mutane da yawa ne suka haɗa shi suka bar shi a buɗe, kowa ya ɗauka, ya duba cikinsa, ya gyara. Ba a makaranta ya koya ba. A waya ya karanta, kuma sai da ya kashe na'urori huɗu kafin ta biyar ta tashi. Shi ya sa mutanen Unguwar Marke suke ce masa Injiniya, kuma sunan ya shiga kansa fiye da kima.

"Injiniya, ka san abin da ke cikinta," in ji Kulu.

"Na ji ana faɗa."

Duk ƙauyen ya ji. Gonar da Zaharaddini ya bar wa Kulu da 'ya'yanta mata uku tana iyaka da gonar Tasi'u, yayan Sama'ilu uwa ɗaya uba ɗaya. Gambar da aka shuka a kan iyakar ta ƙone da rani. Tasi'u ya ce iyaka a kututturen marke take, dangin Zaharaddini suka ce a gindin aduwa. Tsakanin wuraren biyu kunya goma sha huɗu ce. A ƙasar da gona ke manne da gona har babu wurin ɗaure akuya, kunya goma sha huɗu abinci ne na watanni. Dattijon da ya riƙe iyakokin ƙauyen duka da ka, Baba Iliyasu, ya rasu bara. Amma kafin rasuwarsa Zaharaddini ya bi shi da wannan na'ura, ya ɗauki hotonsa da muryarsa yana taka iyakar yana nunawa da sanda. Ɗaukar tana cikin katin memorin da ke jikin na'urar. Dagaci ya ce ranar Alhamis bayan la'asar a kunna ta a gaban kowa, a cikin na'urar mamacin, kuma ɓangarorin biyu sun yarda abin da Baba Iliyasu ya faɗa shi ne hukunci.

"Jamil ya kai katin Ɗambatta, wayoyinsu ba su karanta shi ba," Kulu ta ce. Jamil ƙanen mijinta ne. "Bai so in kawo maka ba. Ya ce ƙanen Tasi'u ne kai. Na ce masa marigayi ya yarda da kai, ni ma haka. Amana ce, Sama'ilu. Ba ni da wata shaida bayan wannan."

"Haba Kulu! Aikin awa ɗaya ne. Ki je ki kwantar da hankalinki."

Wanda aka ce wa amana bai kamata ya amsa da aikin awa ɗaya ne ba. Tun daga nan ya fara kuskure.

Ƙa'idar aikin a bayyane take, kuma ya san ta. Ana rubuta Linuks a kan wani kati da babu komai a ciki, a saka shi a na'urar, daga nan tsarin ya shiga cikinta. Rubutawar kuwa tana shafe duk abin da ke kan katin, ba ta barin ko ɗigo. Saboda haka kafin a taɓa komai sai an kwafe katin mai kaya an adana. Kwafewar ba ta fi minti uku a tsohuwar laftof ɗinsa ba. Bai yi ba. Ɗokin ganin na'urar ta tashi ya fi ƙarfinsa.

Ya zare katin Kulu, ya ɗauko nasa daga gwangwani. Dukkansu baƙaƙe ne, iri ɗaya, babu alama. Yana riƙe da su a hannu ɗaya wani mai babur ya tsaya yana tsokanarsa a kan wata waya da ya gyara ta sake lalacewa. Sama'ilu yana ramawa yana dariya, ya yago kusurwar wata tsohuwar kalanda, ya naɗe kati ɗaya a ciki don ya bambanta su, ya ajiye duka biyun a kan benci. Sai ga kiran sallar azahar daga masallacin da ke jikin rumfar. Ya tashi ya tafi alwala, ya bar su a nan.

Da ya dawo ya ga kati ɗaya a kan benci, tsirara. Ya ce a ransa wannan nawa ne. Ya zura shi a laftof, ya ba da umarni. Laftof ɗin ta tambaye shi, kamar yadda take tambaya kullum, ko ya tabbata, domin komai zai shafe. Bai buɗe katin ya duba ba. Ya danna e.

Na'urar ta tashi lafiya. Fararen rubutu suka yi ta gudu a baƙar fuskarta, sannan hoto ya bayyana. Sama'ilu ya yi murmushi, ya miƙa hannu zai ɗauko katin Kulu. Babu takardar a kan benci.

Ya duba ƙarƙashin benci. Ya zazzage gwangwanin. Ya kakkaɓe tabarma, ya juye aljihunsa, ya durƙusa yana tone yashi da yatsu. Akuyoyi biyu suna tsaye a bakin rumfar suna tauna, ya dube su. Yana nan durƙushe wata tambaya ta faɗo masa wadda ta fi ɓatan takardar muni: wanne ya naɗe? Ya rufe ido yana ƙoƙarin tunawa. Abin da ya tuno kawai dariyar mai babur ce. In nasa ya naɗe, to da hannunsa ya shafe muryar Baba Iliyasu. In na Kulu ya naɗe, yana cikin akuya ko iska ta kai shi wata gona.

Ya mayar da katin da ya rubuta cikin laftof, ya sa wata manhaja mai tono abin da aka goge, ya zauna yana kallonta har la'asar. Ba ta tono komai ba. Hakan bai nuna masa gaskiya ba, domin katin da tun farko babu komai a cikinsa da katin da aka shafe tas duk amsa ɗaya suke bayarwa.

Bai tambayi kowa ko ya ga wata takarda ba. Tambaya za ta tona shi. Tsoro ya rufe masa baki a daidai lokacin da ya kamata ya buɗe shi.

Kuma tsoron yana da dalili. Bara a ƙauyen da ke gabas da su an yi rigimar iyaka irin wannan, wani ya sari maƙwabcinsa da gatari a kafaɗa, hannun bai ƙara moruwa ba, gidaje biyu suka tashi daga garin. Jamil kuwa mutum ne mai zafi, ya riga ya faɗa a majalisa cewa duk wanda ya zuba iri a kunyar marayu shi da shi ne. Wa zai yarda cewa ƙanen Tasi'u ya ɓatar da shaidar da za ta iya kayar da Tasi'u bisa kuskure? Shi kansa da wani ne ya ba shi labarin ba zai yarda ba.

Ranar Talata Tasi'u ya zo, ya zauna a kan bencin, ya cire hula yana fifita.

"Injiniyan gidanmu. An ce kaya yana hannunka."

"Yana nan, Yaya."

"Ya tashi?"

"Ina kan aiki."

Tasi'u ya dube shi da kyau, ya ga idanunsa sun faɗa. Sai ya yi 'yar dariya, ya rage murya. "Ai kayan nan tsofaffi ne. In suka ƙi, sun ƙi. Wa zai kama ka? Kati ya lalace a akwatin mace shekara biyu, laifin wa?"

"Yaya, ban ce ya lalace ba."

"Ni ma ban ce ka ce ba." Ya mayar da hularsa, ya dafa kafaɗar ƙanensa. "Allah ya yi maka albarka."

Albarkar nan ta fi zagi tayar masa da hankali. Yayansa ya tafi da yaƙinin cewa ya yi masa aiki. Kuma ya bar masa ƙarya a shirye, mai sauƙin faɗa, wadda babu mai iya ƙaryatawa a ƙauyen, tunda babu wanda ya san cikin na'urar sai shi. Wannan shi ne haɗarin zama kai kaɗai ka iya abu a gari. Sama'ilu ya wuni yana juya ƙaryar a bakinsa. Ya ma gwada faɗarta a hankali, shi kaɗai, ya ji yadda za ta fito.

Ranar Laraba da rana hadari ya haɗo daga gabas, aka sheƙa ruwan shuka na farko. Kowa yana murna, shi yana tsaye a rumfa yana kallon ruwa yana wanke ƙasar da ya tone. In katin yana waje, ya tafi. Ruwan kuma ya sa maganar ta ƙara zafi, domin gobe kowa zai fita shuka, kuma dole wani ya shuka kunyoyin nan goma sha huɗu. Da aka ɗauke ruwan ya hango Jamil ya wuce da sungumi a kafaɗa. Bai yi sallama ba, ya dai tsaya ya dubi rumfar, ya wuce.

Da safiyar Alhamis ya ɗauki na'urar ya nufi gidan Kulu. Har ya isa ƙofar zaure bai yanke abin da zai faɗa ba. Ya yi sallama, ta fito da hannu duk gari, fuskarta a sake.

"Injiniya, ta tashi?"

"Ta tashi."

"Alhamdu lillahi!"

Ƙaryar tana kan harshensa. Abin da ya hana ta fita shi ne wannan hamdalar. Ya sunkuyar da kai ya faɗa mata komai: katuna biyu, takardar, sallar azahar, tambayar da laftof ta yi masa ya danna e bai duba ba. Bai rage komai ba.

Kulu ta jingina da bango.

"Tun Litinin," ta ce.

"Tun Litinin."

"Kwana uku ina kwana ina yi maka addu'a." Muryarta ba ta tashi ba, da ma ta tashi da ya fi masa sauƙi. "Ban sani ba ko gaskiya ka faɗa, Sama'ilu. Allah ya sani. Amma ni ba zan kai wa Jamil wannan magana ba. In daga bakina ya ji, kafin azahar an zubar da jini. Ka je masallaci, ka faɗa da bakinka a gaban dattawa, inda za a iya riƙe shi."

Ta shige gida.

Bai san raka'a nawa liman ya yi a sallar azahar ba. Da aka sallame ya miƙe ya ce jama'a su dakata yana da magana. Tasi'u yana sahun gaba, Jamil yana kusa da ƙofa. Ya maimaita abin da ya faɗa wa Kulu. Bai kai ƙarshe ba Jamil ya tsallako mutane ya cakumi wuyan rigarsa.

"Munafuki! Na faɗa mata! Ku biyu kuka shirya!"

"Wallahi kuskure ne..."

"Kuskuren da ya faɗa a gonar yayanka? Me ya sa bai faɗa a tamu ba?"

Mutane suka taso, wasu suna jan Jamil, wasu suna cewa a bar shi. Tasi'u ya miƙe yana cewa a sakar masa ƙane, 'yan gidansu suka taru a bayansa. Sama'ilu ya ga masallacin ya rabu biyu a gabansa, ya ga matasa suna fita da sauri, ya san abin da za su ɗauko. Ya fara karanta kalmar shahada a zuci.

Sai aka ji ana buga sanda a ƙasa. Malam Abdulƙadir ne, ladanin masallacin, tsoho mai shekara fiye da saba'in.

"Kai, ku yi mana shiru a ɗakin Allah! Sama'ilu, wace irin takarda ka ce?"

"Kusurwar kalanda ce, Malam. Ta lokutan salla, ta bara."

"Ranar Litinin?"

"E."

"Wato kai ne mara kunyar."

Tsohon ya ce ranar Litinin da ya fito daga kiran salla ya ga 'yar takarda a naɗe iska ta jefo ta bakin rumfa, akuya tana shinshinarta, da Bisimilla a bayanta. Ya ɗauke ta ya yi abin da yake yi wa duk takardar da ya tsinta da sunan Allah tun yana saurayi. Ya cusa ta a tsagar bangon masallaci.

Duk wanda ya tashi a ƙauyen ya san tsagar. Tana bangon gabas ta waje, ƙarƙashin indararo, kuma shekara da shekaru ana cusa mata yagaggun shafuka da guntayen takardun Larabci don kada a taka su. Sama'ilu yana wuce ta sau biyar a rana. Bai kawo ta a ransa ba, domin bai ma lura da abin da ke bayan takardar da ya yaga ba.

Jama'a suka zagaya. Jamil bai saki rigarsa ba, da ita ya jawo shi. Ruwan jiya ya bugi bangon, takardun bakin tsagar sun jiƙe sun manne. Malam Abdulƙadir ya hana kowa sa hannu, ya ce wanda ba shi da alwala ya matsa. Shi ya riƙa zaro su ɗaya bayan ɗaya da tsinke, yana buɗewa, yana ajiyewa a kan rawaninsa da ya shimfiɗa. Bai yi sauri ba ko kaɗan. A ta goma sha wani abu sai baƙin kati ya faɗo a tafinsa.

Wani ya yi kabbara. Sama'ilu bai yi ba.

"Malam," ya ce, "ban san wanne ne ba. Zai iya zama nawa, wanda babu komai a ciki."

Jamil ya matso da fuskarsa. "To ka yi addu'a."

Dagaci ya iso, an aika an kira Kulu, ta tsaya daga nesa da wasu mata. Ba a jira la'asar ba. Sama'ilu ya goge katin da gefen rigarsa, ya hura masa iska, ya shanya shi a rana na ɗan lokaci don danshi ya fita. Sannan ya zura shi a mazauninsa. Ya kunna na'urar. Fararen rubutun suka fara gudu, mutum fiye da hamsin suna kallon abin da bai wuce tafin hannu ba. Hoto ya bayyana. Ya taɓa alamar katin. Na'urar ta yi jim, ba ta nuna komai ba, har ya ji numfashin Jamil a wuyansa.

Sai sunayen ɗauka suka jero, guda bakwai. Ya taɓa wadda aka rubuta wa iyaka.

Tari aka fara ji, tarin da duk ƙauyen ya sani. Ga Baba Iliyasu da sandarsa da jar hularsa, yana tafe a cikin karan gero. "Zaharaddini, kana ɗauka? To ka ɗauka da kyau, ni ba zan maimaita ba." Wata tsohuwa a cikin mata ta fashe da kuka. Dattijon ya wuce kututturen marke bai ko dube shi ba, ya je ya buga sandarsa a gindin aduwa sau uku. "Nan ne. Nan uban Tasi'u da ubanka suka shuka gamba ina tsaye."

Dagaci ya sa aka maimaita, sannan ya dubi Tasi'u. Tasi'u ya ce ya ji. Ya ratsa mutane ya tafi, bai dubi ƙanensa ba. Jamil ya saki rigar, ya goge hannunsa, bai ba da haƙuri ba, kuma babu wanda ya ce ya bayar.

Kulu ta aiko a karɓo mata na'urar. Sama'ilu ya roƙi a ba shi minti uku. A gaban dagaci ya kwafe katin a laftof, ya sake kwafewa a wani katin, ya rubuta suna a jikinsa, ya damƙa wa dagaci. Aikin da ya ƙi yi ranar Litinin ke nan.

Malam Abdulƙadir yana mayar da takardunsa cikin tsaga, bai juyo ba ya ce, "Ka iya tayar da mataccen ƙarfe, amma ba ka iya duba bayan takarda ba kafin ka yaga. Gobe ka zo da yumɓu ka gyara mini indararon nan, ruwa yana shiga."

"To, Malam."

Washegari da sassafe Kulu da 'ya'yanta suka shuka gero har gindin aduwa, Jamil yana gaba da sungumi. Sama'ilu ya bi ta hanyar da kwanon yumɓu a kai. Tasi'u yana ɗaya gefen yana saran rami. Sama'ilu ya yi masa sallama. Tasi'u ya amsa, tunda amsawa wajibi ce, amma bai ɗago kai ba.